Ɓarawon da ya faɗo daga katanga, da tsohuwar da ta ba shi ruwa

 

Ƴan uwa masu bibiyar wannan zaure, wani daga cikinku ya turo mini saƙon murya, ya roƙi in amsa masa a bainar jama'a ba tare da na ambaci sunansa ko unguwarsu ba. Ga abin da ya faɗa. Gabanin asuba wani saurayi ya haura gidan maƙwabcinsa, ya ɗauki batirin sola da salula 2. Wajen dirowa nauyin batirin ya rinjaye shi, ya faɗo daga katanga, cinyarsa ta karye. Masu fita masallaci suka iske shi yana jan jiki, aka rufe shi da duka. Can sai wata tsohuwa ta fito da moɗa ta tsuguna za ta ba shi ruwa, jama'a suka yi mata ca, har ana tambayarta ko jikanta ne. Mai tambayar ya ce shi da kansa ya hamɓare moɗar, ya kuma shuri saurayin sau 2 kafin ƴan sanda su iso. Tun ranar bai yi barcin kirki ba. Tambayarsa ita ce: tsohuwar nan ta yi laifi da ta tausaya wa ɓarawo? Shi kuma mene ne a kansa?

Kafin komai, bari mu ba mai kaya haƙƙinsa, domin na san da yawa cikinku ranku ya riga ya ɓaci tun daga kan taken rubutun. Wanda bai taɓa wayar gari ya ga turke babu dabba ba, ya yi hattara da yi wa masu kaya wa'azin haƙuri. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauki moto bashi yana biya kullum, aka sace shi da rana tsaka, abincin gida guda aka sace. Matar da ta yi wata 8 tana kiwon rago da dusa da harawa tana jiran kasuwar layya, jarinta duka ne a wuyan ragon nan. Ƴan uwanmu na yankin Madarumfa da Gidan Rumji da aka kore musu shanu cikin dare sun san wannan ɗaci fiye da mu mazauna gari. Ni kaina an taɓa kwance mini rago ana saura kwana 3 sallah, kuma abin da zuciyata ta raya mini a wannan safiya ba zan rubuta shi a nan ba.

Shari'a ba ta ɗaure hannun mai kaya ba. A cikin Sahihu Muslim, Abu Huraira ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya. Aka umurce shi da ya hana, in an yaƙe shi ya kare kansa, aka sanar da shi cewa in ya mutu a haka ya yi shahada, in kuwa maharin ne ya mutu makomarsa wuta. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara bayani cewa a fara da gargaɗi idan akwai halin yin haka, sannan a tunkuɗe shi da gwargwadon abin da zai kawar da sharrinsa. To duk raunin da ɓarawo ya samu yana cikin kokawa da mai gida, ko ya faɗo da kansa kamar saurayin nan, ba ya bin kowa diyya. Shi ya kai kansa.

Haka kuma akwai wani tausayi da addini ya hana, wato wanda zai sa a ɓoye laifi ko a danne haƙƙin mai kaya. Kun san labarin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya yi mata ceto, Annabi ya yi fushi, ya nuna cewa ko ƴarsa Fatima ce ba za a ɗaga mata ba. Kun san na Safwan ɗan Umayya, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa: an zare masa mayafi yana barci a masallaci, ya kai ɓarawon gaban Annabi, da ya ji hukunci sai ya ce ya bar masa sadaka, aka nuna masa cewa lokacin yafiya ya wuce tun da magana ta iso gaban shugaba. Saboda haka mai kuɗin da ke zuwa komsariya da dare ya fitar da ɗansa, ko maƙwabcin da ya ƙi ba da shaida don yana jin nauyin uwar yaro, kada su fake da wannan rubutu.

Amma ɗan uwa, dubi halin da kuka iske saurayin nan. Yana kwance, ƙashi ya karye, batirin yana gefe, salulolin sun koma hannun mai su. Wane hari kuke tunkuɗewa? Kare kai ya ƙare tun sa'ad da ya kasa tashi. Duk abin da ya biyo baya hukunci ne, hukunci kuwa ba naku ba ne. Malamai sun haɗu a kan cewa tsayar da haddi aikin shugaba ne ko alƙalin da ya naɗa. A ƙasarmu kotu ba ta yanke hannu, ɗauri take yi a gidan kaso, amma wannan bai mayar da alƙalanci hannun duk wanda ya fito da taɓarya ba.

Ku ma ku duba haddin da kansa, wanda Allah Ya saukar a aya ta 38 cikin Suratul Ma'ida. Hannu aka ambata. Ba a ambaci rai ba, ba a ambaci ido ko haƙarƙari ba. Shi ma hannun ba a taɓa shi sai an cika sharuɗɗan da duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar zaure ya sani: kayan su kai rubu'in dinari ko dirhami 3, a fitar da su daga ma'ajiyarsu, laifin ya tabbata da shaidu adilai 2 ko da iƙirari. In ya yi iƙirari ya janye, an ɗauke masa yanka, sai biyan kaya. In ana tsananin sanyi ko yana cikin ciwon da ake tsoron ya mutu, sai a jinkirta. In an yanke, wajibi ne a tsayar da jinin don kada ya halaka. Ku lura da wannan da kyau: Shari'ar da ta ce a yanke ita ce ta ce a yi jinya. A ranar da aka tabbatar wa mutum da sata a gaban alƙali, ransa yana nan da alfarmarsa. Ina kuma ga wanda ba a ko tambaye shi sunansa ba?

Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi ba mai sanyin hannu ba ne, kowa ya san haka. Amma da bayin Haɗib ɗan Abi Balta'a suka sace taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka, ya ba da umurnin yanke hannuwansu, sannan ya tsaya ya bincika, ya fahimci ubangidansu yana barin su da yunwa. Sai ya juya kan Haɗib. Mai taguwar ya ce kuɗinta dirhami 400 ne, Umar ya sa aka biya shi 800. Wannan ma yana cikin Muwaɗɗa. Ba ina cewa kowane ɓarawo mayunwaci ne ba. Da yawansu kuɗin tramol suke nema, wasu kuma sana'a suka mayar da abin. Abin da nake nufi shi ne alƙali yana tambaya kafin ya hukunta, taron jama'a kuwa ba ya tambayar komai.

Nan ne babban haɗarin yake. Kalmar "ɓarawo" in ta tashi a kasuwa ba ta da linzami. Wanda ya ruga don tsoro, da baƙon da bai san lungu ba, da mai taɓin hankali, da kurman da bai ji ana tsayar da shi ba, da wanda abokin rigimarsa ya yi masa ihu da gangan, duk kamanninsu ɗaya a idon mai jifa. A cikin mutum 50 da suka taru, nawa ne suka ga satar da idonsu? Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurce mu da tantance labari don kada mu afka wa mutane cikin jahilci mu wayi gari da nadama, kuma nadamar kisa ba ta da gyara.

Kada shaiɗan ya ruɗe ka da cewa kuna da yawa, don haka alhakin ya rarrabu har naka ya zama ɗan kaɗan. A zamanin Umar wasu mutane sun haɗu sun kashe mutum guda a San'a, ya sa aka kashe su gaba ɗaya, ya kuma bayyana cewa da dukan mutanen garin ne suka taru a kai da haka zai yi musu. Shi kuwa mai ɗauko taya da fetur, ya sani Annabi ya taɓa ba da umurnin ƙona wasu mutum 2, sannan kafin rundunar ta tashi ya janye, domin azaba da wuta ta Allah ce Shi kaɗai. Bukhari ne ya ruwaito. Jini kuma shi ne farkon abin da za a yi shari'a a kansa tsakanin bayi ranar alƙiyama.

Mu dawo kan moɗar ruwa. An kawo wa Annabi wani da ya sha giya, aka yi masa bulala da umurninsa. Da ya juya zai tafi wani ya yi masa mugun baki, sai Annabi ya hana, ya nuna cewa yin haka taimakon shaiɗan ne a kan ɗan uwa. Ranar da aka tsayar da haddi a kan matar nan Bagamidiya, jininta ya fantsamo wa Khalid ɗan Walid ya zage ta, Annabi ya tsawata masa, ya yabi tubarta, ya kuma yi mata salla. Waɗannan mutane ne da laifinsu ya tabbata, hukunci ya hau kansu, duk da haka ba a yarda a wulaƙanta su ba. Mun kuma ji labarin matar banza da Allah Ya gafarta wa don ta shayar da kare mai ƙishi. Idan ruwan da aka ba kare ya kai mutum ga gafara, da wane dalili za mu zagi wadda ta miƙa shi ga ɗan Adam mai faɗin kalmar shahada? Da saurayin nan ya cika a wurin, ku ɗin nan ne Shari'a za ta ɗora wa wankansa da likkafaninsa da sallarsa. Risala ta faɗa cewa ana yi wa wanda aka kashe a haddi salla, shugaban da ya hukunta shi ne kawai ba ya yi. Ayar da ke biye da ayar sata, ta 39, maganar tuba take yi. Wanda ya kashe ɓarawo a ƙasa ya rufe masa ƙofar da Allah Ya bar masa a buɗe.

Na san abin da za ku ce: mun kai su hukuma, bayan kwana kaɗan mun gan su suna yawo. Wannan kuka yana da tushe, kuma duk ma'aikacin da ya karɓi wani abu ya saki mai laifi yana da kaso a kowace satar da za ta biyo baya, har da jinin da fushin jama'a zai zubar. Sai dai mu ma mu tambayi kanmu. Sau nawa aka nemi shaidu kowa ya ce yana da uzuri? Masu ƙarfin dukan da asuba, nawa ne cikinsu suka bi maganar har gaban alƙali? Sannan wa ke sayen kayan? Salular jika 60 da aka miƙo maka a jika 10, babu kwali babu takarda, ka sani sarai daga inda ta fito. Ragon da aka kawo wa mahauci da tsakar dare, shi ma ya sani. Muna cewa kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma a kwana dubun nan wani cikinmu ne yake ciniki da shi, wataƙila ma a sahu ɗaya muke salla.

Masu ɗaukar bidiyo su ma su ji. Mutum kwance cikin jini, tufafinsa a yage, al'aurarsa a waje, ana tura shi daga wannan zaure zuwa wancan ana dariya. Yana da uwa, yana da ƙanne mata da ba su saci komai ba. In abin ya shigo salularka, ka goge, kada ka tura.

Yanzu gare ka, ɗan uwa mai tambaya. Tsohuwar nan ba ta yi laifi ba. Ba ta ɓoye shi ba, ba ta hana a kama shi ba, ba ta ce a bar masa kaya ba. Ina kyautata zaton Allah Ya rubuta mata lada, har da na zagin da ta sha. Fitowarka don taimakon maƙwabci daidai ne, kuma da kun tsare shi kun kira hukuma kun tsaya a nan, da babu komai a kanku sai lada. Shurin nan 2 kuwa haƙƙin bawa ne, satarsa ba ta halatta maka su ba. Ka yi istigfari, kuma rashin barcin da kake yi alama ce ta alheri a zuciyarka. Ka fara da tsohuwar, tunda ita ce kusa: ka je har gida ka durƙusa ka nemi gafararta, in da hali a gaban wasu daga cikin waɗanda suka ga abin da ka yi. In an nemi shaida ka je ka faɗi satar yadda ta faru, kada ka rage kada ka ƙara. In ka samu hanyar ganin saurayin a likita ko a gidan kaso, ka nemi ya yafe maka dukan, ka kuma gaya masa gaskiya a kan abin da ya aikata, wataƙila daga bakinka zai ji. In ganinsa ya gagara, ka riƙa sa shi cikin addu'arka.

Wallahu a'alam.