Waiwaye: Mun Kare Ƙoƙon Kai, Mun Manta da Kunne

Duk wanda ya zauna a Kano kafin shekarar 2013 ya san yadda gari yake wayewa da ƙarar babur. Ana sallame sallar asuba za ka ji suna tashi ɗaya bayan ɗaya, wannan daga zaure, wancan daga lungu, kafin hantsi sun cika titi daga Kurna zuwa Bata, daga Ƙofar Nassarawa zuwa Sabon Gari. Ɗan acaɓa ne ya kai marasa lafiyarmu asibiti da tsakar dare, shi ya kai 'ya'yanmu makaranta, shi ya ɗauko buhun masara daga Dawanau ya dire mana a ƙofar gida. Hannu kawai za ka ɗaga, uku su tsaya a gabanka, kowa na cewa, "Alhaji, ina muka nufa?" A lokacin da masana'antun Bompai da Sharaɗa suke ta rufewa, wannan sana'a ce ta rufa wa magidanta da yawa asiri, kuma ba ƙaramin alheri ta yi mana ba.

Kafin nan babur abin ƙasaita ne. Malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati su ne ke hawa Vespa ko Honda, a wanke shi ranar Asabar, a lulluɓe shi da tsohon zane. Da Jincheng ya shigo daga Sin da araha, daga baya Bajaj ya biyo daga Indiya, sai babur ya tashi daga abin hawan mai albashi ya koma jarin talaka. Wanda a da yake hawa na rabin awa zuwa ofis, sai ga ƙaninsa yana wuni a kai tun safe har bayan isha'i.

Mu tuna ranar 1 ga Janairun 2009, ranar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano. Hula ta yi tsada a kasuwa, wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya, wasu suka sa bokitin fenti. Fasinjoji kuma suka ce ba za su sa hular da kowa ya sa ba, wani yana tsoron makero da ƙwarƙwata, wani yana tsoron asiri. An yi ta muhawara a gidajen rediyo da majalisun unguwa. Hukuma tana da gaskiya, domin hular kwano ta tsirar da rayuka da yawa. Amma duk wannan taƙaddama a kan ƙoƙon kai aka yi ta. Muna tsoron karaya, muna tsoron fashewar kai, muna tsoron ƙunar salansa a ƙwauri. Kunne kuwa babu wanda ya ambace shi, alhali shi ne yake shan wahala kullum, ko an faɗi ko ba a faɗi ba.

Dalilin wannan mantuwa a fili yake. Ciwon da ya zubar da jini shi ake zuwa dubiya a kansa. Na kunne ba ya jini, ba ya kumburi, ba ya hana mutum fita nema, sai dai ya yi ta cinsa a ɓoye shekara da shekaru.

Gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sai keken A Daidaita Sahu ya gaji hanya. Sai dai babur bai bar rayuwarmu ba. Yana nan a hanyoyin ƙauyuka ranar kasuwa, yana nan a Maraɗi da Damagaram inda ake ce masa kabu-kabu, yana nan a hannun samarin da ke kai wa mutane saƙo gida-gida. Saboda haka wannan magana ba ta wuce ba, ta shafi 'ya'yanmu da ke kan hanya a yau.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan murɗaɗɗen bututu mai ruwa a ciki. A jikinsa akwai 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su, kamar shukar da aka taka: yau ta kwanta, gobe ta miƙe, amma idan aka mayar da wurin hanya sai ta mutu. Waɗanda suka mutu kuma ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Wannan dum ɗin da mahayi yake ji idan ya sauka daga doguwar tafiya, da siririn kukan da ke tashi a kunnensa idan ya kwanta, alama ce cewa an taka su a ranar.

Masana suna auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar da muke yi a zaure tana wajen 60. Ƙa'idar da masu kula da lafiyar ma'aikata suka shimfiɗa ita ce, kunne zai iya jure 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk lokacin da aka ƙara 3 sai a raba lokacin biyu. Wato 88 awa 4, 91 awa 2, idan aka kai 100 kuwa minti 15 kacal. Wani likitan kunne a Ingila, Andrew McCombe, ya auna ƙarar da ke cikin hular kwanon mahaya babur a shekarun 1990. Ya samu kimanin 90 idan ana gudun kilomita 60 a awa, tana hawa har 110 a gudun kilomita 160. Abin da ya fi ɗaukar hankali a bincikensa shi ne, da zarar babur ya ɗauki gudu, iska ce ke yin ɓarnar fiye da inji, kuma hular kwano ba ta tare wannan rugugi yadda muke zato. A kan wannan lissafi, wanda ya murɗa totur ya kai gudun 100 a kan kwalta ya cinye rabon kunnensa na yini guda kafin ya kai Wudil daga Kano. Wanda yake tafiya a 60 ma, rabonsa bai cika awa uku ba.

A cikin gari gudu ba ya kai haka, amma can ma ga hon ɗin manyan motoci, ga ƙarar tirela a gefen kunne, ga tsohon inji, kuma awoyin sun fi yawa. Sannan ga abin da samarinmu suke yi da hannunsu, a cire salansa ko a huda ta domin babur ya yi ruri a wajen rakiyar amarya. Wannan kam ina roƙon iyaye su tsawata. Yaron yana cutar da unguwa, amma kunnen da ya fi kusa da salansar nasa ne.

A majalisar unguwarmu akwai wani bawan Allah da ya yi shekaru yana acaɓa, yanzu yana tsare da ɗan teburinsa. Bai kai hamsin ba. Idan ka yi masa magana sai ya karkato da kai, ya zuba wa leɓɓanka ido. Idan mutum ɗaya ne ke magana yana bi, amma da zarar baki ya yi yawa sai ya yi shiru, ana dariya yana murmushi ba tare da ya san abin da aka faɗa ba. Ƙaramar 'yarsa takan zo ta ce, "Baba, Umma ta ce a sayo gishiri," sai ya ce, "Na'am? Me za a sayo?" Ta maimaita sau biyu, ta gaji ta ja hannunsa. Haka wannan ciwo yake tafiya. Sirarran sautuka yake fara ɗaukewa, irin su "s" da "sh" da "ts" da "f", shi ya sa muryar yara da ta mata take fara kuɓuce wa mutum. Yana jin ana magana, kalmomin ne ba sa rabuwa. A gida ana cewa ya cika share mutane, a waje ana cewa tsufa ne ya zo da wuri. Shi kuwa kunya ta hana shi cewa ba ya ji.

Ba za a ce ba mu taɓa rufe kunne ba. Da hunturu mahayi yakan naɗe kansa da rawani ko ya sa hular sanyi, wani ya cusa auduga. Amma sanyi da ƙura muke gudu, ba ƙara ba, kuma auduga busasshiya abin da take ragewa kaɗan ne ƙwarai. Mai injin niƙa da mai walda da mai kwana kusa da janareta duk haka suka yi ta fama, mu kuma muka ɗauka kurumcewarsu wani ɓangare ne na sana'a.

Abin da ya dace shi ne matoshin kunne da aka ƙera domin wannan aiki, kuma ana samunsa a shagunan da ke sayar da kayan kariya na ma'aikatan masana'antu da wasu manyan kemis. Mafi araha shi ne na soso, shi ne kuma ya fi rage ƙara idan an sa shi daidai. Yawancin masu cewa ba ya aiki, sa shi ne ba su iya ba. Ana murza shi ne tsakanin babban yatsa da manuni har ya zama siriri, ba tare da ya lanƙwashe ba. Sai a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai, a ja saman kunne sama da baya domin ramin ya miƙe, a zura shi a hankali, a dafe da yatsa kamar rabin minti har ya kumbura ya cika wurin. Za ka ji duniya ta yi sanyi, muryarka ta yi kauri a cikin kanka. Idan mai kallonka ta gaba yana hango rabinsa a waje, bai shiga ba, a cire a sake.

Akwai kuma na roba mai hawa biyu ko uku, wanda ake wankewa da ruwa da sabulu a yi ta amfani da shi. Wani irinsa yana da 'yar matata a tsakiya, tana rage rugugi ta bar magana ta wuce da sauƙi. Mai hali yana iya zuwa wurin masanin ji a asibiti a ɗauki awon ramin kunnensa a yi masa nasa na kansa, wanda ya fi zama daram, ya kuma fi tsada. A jikin kwali za a ga lamba tare da haruffan NRR idan awon Amurka ne, ko SNR idan na Turai ne. Lambar tana nuna yawan desibel ɗin da yake ragewa a ɗakin gwaji, kuma a kan hanya abin da ake samu yakan gaza haka.

Na san abin da ɗan kabu-kabu zai ce: "Baba, in na toshe kunne ta yaya zan ji hon? Ta yaya zan ji fasinja ya ce in tsaya?" Tambaya ce ta mai hankali, domin da kunne yake neman abinci, da shi kuma yake tsira daga motar da ke bayansa. Amsar ita ce matoshi ba ya mayar da mutum kurma, sassauta ƙarar yake yi. A kan babbar hanya ma iskar ce ke danne hon da jiniya, kunnen da ya gaji da rugugi kuwa ya fi saurin kuskure. Amma bai kamata a ɗauka cewa lamba mafi girma ita ce mafi kyau a ko'ina ba. A ganina, mai aiki a cikin gari, yana tsayawa yana ciniki, na roba mai matata ya fi dacewa da shi, mai lamba wajen 20. Wanda zai miƙi kwalta na awa ɗaya ko fiye, ya sa na soso. Kowanne aka zaɓa, a duba kada ya kasance mai dogon kara, domin hular kwano za ta danna shi ya yi ciwo, abin da ke ciwo kuwa aljihu yake komawa. A fara gwada shi a hanyar da babu cunkoso har a saba, a kuma ƙara dogaro da madubi.

Abu biyu ne nake jan kunne a kansu. Na farko, abin sauraron waƙa na waya ba kariya ba ne. Mai sa shi yakan ƙure murya domin ya rinjayi iska, sai ya tara wa kunnensa ƙara biyu, hankalinsa kuma ya rabu. Na biyu shi ne tsabta. Hannun mahayi ba ya rabo da baƙin mai da ƙura, da shi kuma zai murza soson ya tura cikin kunne. A wanke hannu, a ajiye matoshin a 'yar robarsa, na soso idan ya yi datti ko ya daina kumbura a jefar, kuma ba a aronsa. Wanda kunnensa ke ciwo ko yake fitar da ruwa, ya fara ganin likita tukuna. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da ke yanka wa mambobinsu tikiti kullum za su iya saro shi da kwali su raba a tasha, haka ma mai babur da ya ba yaro ya riƙa kawo masa balas.

Waɗanda suka riga suka yi asarar wani abu na jinsu, ba a makara gaba ɗaya ba. Abin da ya saura ana iya kare shi, kuma na'urar taimaka wa ji tana amfani. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, akwai kuma sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sauran manyan asibitoci, inda ake gwajin ji ba tare da allura ko ciwo ba. Mu da muke zaune da su kuma, idan za mu yi musu magana mu fara kiran sunansu, mu fuskance su, mu rage rediyo, mu yi magana dalla-dalla ba tare da ihu ba, domin ihu ƙara jirkita kalmomi yake yi. Idan ba su ji ba mu sauya kalmar, kada mu ce musu "a bar shi kawai."