Kada a Yi wa Tsohuwar Kwamfuta Jana'iza Tana da Sauran Numfashi

Kwanakin baya na ziyarci wata makarantar sakandare a ƙasar Ngaski, ba nisa da garin Wara. Bayan mun gaisa da malamin kimiyya, sai ya buɗe mini wani kabad ya nuna mini kwamfutocin tafi-da-gidanka guda shida, an jera su ƙura ta lulluɓe. Ya ce wani ɗan gari mai kishi ne ya kawo su kyauta, amma duk sun mutu. Na tambaye shi, "Malam, da wace cuta suka mutu?" Ya ce ya sa faifan ɗora babbar manhaja, watau manhajar da ke gudanar da dukkan ayyukan na'ura, sai wata ta nuna shuɗin allo, wata ta yi baƙi ƙirin, wata kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Na ce, "To, me suka rubuta kafin su tsaya?" Sai ya yi murmushi ya ce bai lura ba.

Ban ga laifin wannan malami ba, domin ba wanda ya koya masa. Amma ra'ayina a wannan maƙala shi ne, kwamfutar da ta tsaya yayin da aka sa mata faifai ba lallai ba ne ta mutu. Sau da yawa tana faɗin abin da ke damunta ne, mu ne ba mu saurara ba. Kuma binciko wannan damuwa darasi ne na kimiyya wanda ya cancanci a yi shi a gaban ɗalibai.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni a fili yake. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta hanyar kwamfuta. Yaron da ya taso a Shanga ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan bakin tafkin Kainji, idan bai taɓa aza yatsa a kan madannai ba sai ranar jarrabawa, to, tsoron na'ura kaɗai ya isa ya cinye masa lokaci, ko da ya san amsa. Saboda haka kowace kwamfuta da aka kulle a kabad, dama ce aka kulle wa ɗalibai.

Mutanen ƙasar Yauri ba baƙin irin wannan bincike ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya miƙe daga Jihar Neja har zuwa Yelwa, kuma jiragen ruwa masu inji suka zama abin sufuri da na kamun kifi. Idan inji ya ƙi tashi, ba ka taɓa jin masunci ya ce a jefa shi ruwa. Makaniki zai duba mai, ya duba fulogi, ya duba kafireta, ɗaya bayan ɗaya, har ya cimma inda matsalar take. Wannan ita ce hanyar kimiyya: a lura, a yi zato, a gwada zaton, kuma kada a canza abu biyu a lokaci guda. Haka ake yi wa kwamfuta.

Mataki na farko shi ne alƙalami da takarda. A rubuta daidai inda na'urar ta tsaya da abin da ta rubuta, harafi da lamba, sannan a sake gwadawa sau biyu ko uku. Akwai wata ƙa'ida mai amfani ƙwarai a nan. Idan kullum a wuri ɗaya take tsayawa da saƙo iri ɗaya, to, a fi zargin faifan, ko rashin jituwa tsakanin manhajar da na'urar. Idan kuwa yanzu ta tsaya nan, anjima ta tsaya can, to, a fi zargin ma'adanar wucin gadi ko zafi.

Na biyu, a binciki faifan kansa. Ƙurar hunturu da ƙarzuwa sukan hana hasken da ke karanta faifai yin aikinsa. A goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, sannan a gwada shi a wata kwamfutar. Idan can ma ya ƙi, an kama ɓarawo. Haka kuma a tuna cewa faifan CD yana ɗaukar megabayit 700 ne, na DVD kuwa gigabayit 4.7, kuma wasu tsofaffin na'urori ba sa iya karanta na biyun sam. In na'urar tana yarda ta tashi daga filashi, yin amfani da shi ya fi kwanciyar hankali.

Na uku, a duba ko kayan sun fi ƙarfin jakin. Ƙwaƙwalwar kwamfuta iri biyu ce, mai bit 32 da mai bit 64. Pentium M da Core Duo da Atom N270 duk masu 32 ne, ba za su taɓa ɗaukar manhaja mai 64 ba, ko da faifan sabo ne fil. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta da nau'in 32 ko kaɗan, kuma tana buƙatar ma'adanar wucin gadi ta aƙalla gigabayit 4 da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. A ɓangaren Linux ma, Ubuntu ta daina fitar da faifanta na yau da kullum mai 32 tun 2017, Debian kuma ta bi sahu a fitowarta ta 13 a 2025. Ga irin waɗannan na'urori sai a nemi manhaja marar nauyi da aka tsara dominsu, kamar antiX. Har ila yau, wasu Pentium M na farko-farko ba sa bayyana cewa suna da wata baiwa da ake kira PAE, sai Linux ta ƙi tashi, alhali rubuta kalmar forcepae a layin umarnin farawa yakan warware matsalar.

Na huɗu, a leƙa BIOS, watau 'yar manhajar da ke fara farkawa da zarar an kunna na'ura. Idan ka ga kwanan watan da ke ciki ya koma shekaru da yawa baya, to, ɗan batirin nan mai kama da kwabo, mai bolt 3, ya ƙare, kuma saitin da ka yi zai riƙa gogewa. A nan ne kuma maganin wani sanannen shuɗin allo yake. Faifan Windows XP, wanda ya fito a 2001, bai san sabuwar hanyar magana da rumbun ajiya da ake kira AHCI ba, sai ya tsaya ya rubuta 0x0000007B. Da an sauya saitin zuwa IDE, sai ya wuce.

Na biyar, ma'adanar wucin gadi, wadda masu gyara ke kira RAM. Lokacin ɗora manhaja ana cika ta fiye da kullum, don haka ɗan lahanin da ya ɓuya a nan yake bayyana. Akwai manhajar kyauta mai suna Memtest86+ da ke gwada ta lungu-lungu. Idan ta nuna kuskure, a kashe na'urar, a zare caja da batiri, a cire sandunan, a goge bakinsu, a mayar da guda ɗaya a gwada, sannan ɗayan.

Na shida, zafi. Kowa ya san yadda Yauri take a watannin Maris da Afrilu. Ƙurar da fanka ta haɗiya a lokacin hunturu takan toshe mafitar iska, ƙwaƙwalwa ta yi zafi, na'urar ta kashe kanta don gudun ƙonewa. A hure ƙurar, a ɗora na'urar a kan tebur, ba a kan tabarma ko katifa ba, a kuma yi aikin da sassafe. In batirin ya mutu, a tabbatar da wutar da ba za ta ɗauke ba, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki takan sa a koma farko.

Na bakwai, idan allo ya yi baƙi amma fanka na juyawa, wataƙila Linux ce ba ta fahimci sashen nuna hoto ba. Kalmar nomodeset takan taimaka, wani lokaci kuma acpi=off.

A cikin kwamfutoci shida na wancan kabad, ni da malamin da ɗalibai 'yan aji biyar mun tayar da huɗu kafin la'asar. Biyu faifai mai 64 aka sa musu, ɗaya ƙura ce ta shaƙe ta, ɗaya kuma sandar ma'adanarta ce ta goce. Sauran biyun lallai sun mutu, muka ajiye su don cire kayan gyara.

Na san wasu za su ce ai wannan ɓata lokaci ne, gara a nemi sababbi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kamfanin Microsoft ya daina kula da tsaron XP a 2014, na Windows 7 a 2020, kulawar yau da kullum ta Windows 10 kuma ta ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka bai dace a shiga harkar banki da irin waɗannan ba. Amma koyon buga rubutu da lissafi da gwajin jarrabawa ba ya buƙatar intanet, kuma da babu gara ba daɗi. Bugu da ƙari, zubar da su ma yana da illa. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an samar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022. Tsofaffin kwamfutoci suna ɗauke da darma, fitilun allonsu kuma da sinadarin makuri, waɗanda ba mu so ruwan sama ya kwashe su zuwa tafkin da muke cin kifinsa.

Daga ƙarshe, ina kira ga shugabannin makarantu a Yauri da Ngaski da Shanga da su buɗe kabad-kabad, su kafa ƙungiyar gyaran kwamfuta, a tanadi littafi guda inda za a riƙa rubuta cutar kowace na'ura da maganin da ya yi aiki, domin na baya su amfana. Ku kuma ɗalibai, duk ranar da allo ya nuna muku saƙon da ba ku gane ba, ku rubuta shi tukuna kafin ku kai hannu ga makunni. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani.