A Ƙara wa Naƙasassu Lokaci a Jarrabawa

A zangon da ya wuce aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare ta Tudun Wada, nan Minna, aka ba ni aji shida. A cikin ajin akwai wata yarinya zabiya, wadda ba ta iya karanta abin da ke kan allo sai ta taso ta tsaya dab da shi, takarda kuwa sai ta kai ta kusa da hancinta. Ran da na yi musu jarrabawar lissafi na ba su tambaya goma, na ce minti 40. Da lokaci ya cika na bi na karɓe takardu duka. Yarinyar ta ce, "Malam, saura huɗu." Na ce mata doka ɗaya ce ga kowa. Da dare na zauna duba takardu, sai na tarar shidan da ta yi babu kuskure ko ɗaya, alhali kuwa waɗansu da suka gama goman ba su ci biyar ba. Na rubuta mata shida bisa goma, amma hankalina bai kwanta ba, don na san makin nan na idonta ne, ba na lissafinta ba.

Da na komo kwaleji na ba 'yan ɗakinmu labari, sai gardama ta tashi. Wani abokina ya ce ai jarrabawa ma'auni ce, in an ƙara wa wani lokaci an tauye sauran, kamar mai awo ne ya cika wa wani mudu ya rage wa wani. Maganarsa tana da kan gado, shi ya sa na ga ya kamata in amsa masa a nan inda kowa zai karanta.

To, me a ke so a auna? In gudun hannu da kaifin ido a ke nema, sai a faɗa, mu sani. Amma in sanin lissafi ne ko tarihi, lalle mai ido da marar ido ba lokaci ɗaya aka ba su ba, ko da ya ke agogo ɗaya ne a bango. Mai ido ya kan dubi shafi ya ga tambaya da amsoshinta huɗu gaba ɗaya. Makaho kuwa da yatsa ya ke karatu, da rubutun nan mai ɗigo shida wanda Louis Braille na Faransa ya ƙago a 1824, harafi bayan harafi, in ya manta farkon tambaya sai ya koma ya sake lalube. A makarantar mishan inda na yi firamare an sha ba mu labarin makarantar makafi ta Gindiri, wadda mishan ɗin S.U.M. suka buɗe a 1953. Watau fiye da shekara 70 ke nan makafi suna karatun boko a Arewa, ba baƙon abu ba ne da za a ce ba a san yadda za a yi da su ba.

Ba mu kaɗai muka yi wannan gardama ba. A Amurka akwai wata jarrabawa da a ke kira GMAT, wadda mai neman shiga babbar makarantar koyon kasuwanci ya kan ɗauka. Wani saurayi, Mark Breimhorst, wanda ba shi da hannuwa, ya ɗauke ta, aka ƙara masa lokaci saboda larurarsa. Amma da aka aika da sakamakonsa makarantu, sai aka sa wata alama a jiki mai nuna cewa ba yadda kowa ya yi ya yi ba. Aka ba shi da hannun dama, aka karɓe da na hagu. Ya kai hukumar ETS, wadda ke shirya jarrabawar a lokacin, ƙara a 1999, a 2001 kuwa hukumar ta yarda ta daina sa alamar. Ni wannan shari'a ta burge ni, domin ta nuna ƙarin lokaci ba sadaka ba ce da za a riƙa yi wa mutum gori a kanta.

A nan gida ma ba a zauna haka kawai ba. Jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, wadda duk mai son karanta kasuwanci ko aikin akanta sai ya bi ta kanta, tambaya 180 ce cikin sa'a biyu a kan kwamfuta. Ku lissafa, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaya makaho zai yi? A 2017 shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, aka riƙa tara makafi a wurare na musamman, a karanta musu tambayoyi su amsa da rubutunsu na ɗigo, ko da tafireta, ko da kwamfuta. A watan Janairu 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci.

Akwai abu guda da na lura da shi a jadawalin jarrabawar gama sakandare, na ke kuma so manya su duba. A jadawalin WAEC na ga an ce a ba makafi da kurame lokacin kowa, a ƙara musu rabinsa. A na NECO, wadda hedkwatarta ke nan garinmu Minna, na ga an ce a ƙara wa makafi da zabiyoyi minti 30 a kowace takarda. In takardar ta sa'a ɗaya ce, duk ɗaya ne. Amma in ta sa'a uku ce, ɗaya ta ba shi sa'a huɗu da rabi, ɗayar uku da rabi. Yatsan makaho kuwa ba ya ƙara sauri don takarda ta yi tsawo. A ganina ƙarin ya kamata ya bi tsawon takarda.

Abokin nan nawa ya kawo wata hujja kuma, wai masu lafiya za su yi ƙaryar ciwo su sami ƙarin. Gaskiya ne, an yi. A 2019 asirin waɗansu attajirai ya tonu a Amurka, an tarar sun sa an rubuta wa 'ya'yansu larurar ƙarya don a kai su ɗaki dabam a yi musu maguɗi. Maganin wannan shi ne a bincika da kyau, a nemi takardar likita da shaidar malaman da suka koyar da yaro shekara da shekaru. Ba a rufe kasuwa don an kama ɓarawo a cikinta.

Shaidar malamai ɗin nan ita ce ta shafe mu, 'yan'uwa. Yaron da malaminsa na firamare bai taɓa rubuta larurarsa a ko'ina ba, bai kuma taɓa gaya wa iyayensa cewa akwai irin wannan hakki ba, ran cika fom ba zai san ya nema ba. Ina roƙon malamanmu na sashen hanyoyin koyarwa su sa wannan magana cikin darasi kafin a sake tura mu gwaji.

Yarinyar nan kuwa, kafin in bar makarantar na nemi izinin Hedimasta, na rubuta mata waɗansu tambayoyi huɗu da manyan baƙaƙe, na zaunar da ita inda hasken rana ba ya dukan idonta, na ba ta minti 20. Ta ci uku. Na goge shidan na rubuta tara, na kuma bar wa malamin ajin takarda a kan yadda aka yi.