Gadar Peljesac da Garin da Ta Tsallake

A kudancin ƙasar Kuroshiya, a gaɓar Tekun Adiriyatik wanda reshe ne na Bahar Rum, akwai wata gada da masu yawon buɗe ido kan tsaya su ɗauki hotonta kamar sun ga amarya. Sunanta Peljesac, tsawonta mita 2,404, an kuma buɗe ta a watan Yulin 2022. Tarayyar Turai ce ta biya mafi yawan kuɗin, yuro miliyan 357, wani kamfanin ƙasar Sin ya yi ginin.

Dalilin gina ta ya fi ta shekaru nesa ba kusa ba. A 1699, birnin Dubrovnik, wanda a lokacin ƙasa ce mai cin gashin kanta, ya sallama wa Turkawa wani ɗan zirin gaɓa domin ya zama katanga tsakaninsa da Venice da yake tsoro. Zirin nan shi ne garin Neum, ƙofar teku guda ɗaya tilo da Bosniya ke da ita a yau. Saboda haka, kafin gadar, wanda ya taso daga Split zuwa Dubrovnik sai ya fita daga Kuroshiya, ya yi tafiyar kusan kilomita tara a Bosniya, ya sake shiga, ana duba fasfonsa sau biyu. Yanzu gadar ta ɗauke wannan wahala.

Wanda ya ci riba shi ne Ston, ɗan ƙaramin garin da sabuwar hanyar ta ratsa ta kusa da shi. Na hau ganuwarsa ta dutse, wadda aka fara ginawa a ƙarni na 14 ta kuma haura kilomita biyar, ina haki ina mamakin abin da ake tsaro haka. Da na leƙa ƙasa sai na ga amsa: tafkunan gishiri, shimfiɗe farare, ana kwasa har gobe. Wanda ya san darajar gishirin Bilma a kasuwannin Kano ba zai yi wa mutanen nan dariya ba.

Amma ni Neum ya fi tsaya mini a rai, shi ya sa a dawowa na bi tsohuwar hanya da gangan. Otal-otal na nan a kan tudu, ruwan tekun garau, masu hutun bazara suna wanka. Sai dai gidajen abinci da kantunan bakin titi, waɗanda a da motocin safa ke sauke musu fasinjoji, su ne na tarar masu su zaune a ƙofa suna kallon kwalta. Bosniya ta yi ta jayayya a kan gadar, har aka ɗaga ta mita 55 daga saman ruwa domin jiragen ruwa su iya wucewa zuwa Neum. An tanadar wa jirage hanya, ba a tambayi mai sayar da gahawa inda zai samo masu sha ba.