Jinjina ga Mutanen Shaker Heights, Amma da Sauran Aiki

A watan Janairun 1956 wasu suka tayar da bam a gidan da wani lauya baƙar fata, John Pegg, yake ginawa a unguwar Ludlow, kan iyakar birnin Cleveland da garin Shaker Heights a jihar Ohio ta Amurka. A wancan zamani kowa ya san yadda irin wannan labari ke ƙarewa. Da zarar iyali ɗaya na baƙaƙen fata ya tare, dillalan gidaje sai su bi ƙofa-ƙofa suna tsorata fararen fata cewa darajar gidajensu za ta faɗi, su saya da araha, su sayar da tsada. Kafin a ankara unguwa ta sauya hannu.

Mutanen Ludlow suka ƙi. Suka riƙa taruwa a falon juna, fari da baƙi, har suka kafa ƙungiyar unguwa a 1957, suna neman masu sayen gida da kansu, suna haɗa musu rance. Wannan ya cancanci jinjina, musamman idan aka tuna asalin garin. 'Yan'uwa biyu, Van Sweringen, su suka tsara shi a farkon ƙarni na 20 domin masu hannu da shuni, da sharuɗɗan sayar da fili da suka tsare ƙofa ga baƙaƙen fata da Yahudawa. A 1970 iyaye suka yarda don radin kansu a riƙa kai 'ya'yansu makarantun wasu unguwanni domin yara su cakuɗu, a lokacin da wasu biranen sai da kotu ta tilasta musu. Yau garin na da mutum wajen 29,000, kusan kashi ɗaya cikin uku baƙaƙen fata ne. Sannunku da ƙoƙari, mutanen Shaker.

To, amma zama wuri ɗaya daban, cin tuwo a kwano ɗaya daban. Kuɗin da ke shiga gidan farar fata a garin ya yi wa na baƙar fata nisa, kuma tazarar ƙaruwa ta yi cikin shekarun nan. Wanda ya taka daga manyan gidajen arewacin gari zuwa unguwar Moreland, inda rikicin bashin gidaje na 2008 ya yi ɓarna, ba ya bukatar a karanta masa alƙaluma.

A makaranta abin ya fi fitowa fili. Yara su shiga ta ƙofa ɗaya, sannan su rabu: azuzuwan zurfafa karatu cike da farare, na gama-gari cike da baƙaƙe. Iyaye baƙaƙen fata ne da kansu suka gayyato John Ogbu, ɗan Najeriya masanin halayyar al'umma a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya duba musu dalilin wannan rabuwa. Littafinsa na 2003 ya ɗora kaso mai yawa na laifin a kan ɗalibai da gidajensu, aka yi ta cece-kuce. Ni dai ina ganin ya sassauta wa makaranta fiye da kima, domin malami ne ke cewa wannan yaro zai iya, wancan ba zai iya ba, tun yaron bai san an yanke masa hukunci ba.

A 2020, ana tsakiyar annobar korona, hukumar makarantun ta haɗe yawancin azuzuwan nan. Niyya ta yi kyau, sai dai an yi gaggawa, malamai da dama suka koka ba a shirya su ba. Yaron da uwarsa ke aikin dare ba ya komawa gida ya tarar da mai koya masa lissafi, kamar yadda ɗan likita ke tararwa. Garin da ya iya haɗa rance domin kada unguwa ta watse zai iya biyan malaman ƙarin darasi da yamma, ya rage yawan ɗalibai a aji, ya kuma taimaka wa masu haya a Moreland su mallaki gidajen da suke ciki.