Labaran soyayyar Japan a wayoyin 'ya'yanmu mata: me suke koya musu?

 

Uwa takan leƙa ɗakin 'yarta bayan sallar Isha'i, ta tarar da ita ta ƙura wa waya ido, tana duba zane-zanen yara masu manyan idanu. Sai hankalinta ya kwanta, ta ce ai katun ne, ta ja ƙofa. Wannan kwanciyar hankali ita ce dalilin rubutunmu na yau. Sau da yawa abin da yarinyar take karantawa cikakken labarin soyayya ne daga ƙasar Japan, wanda aka tsara musamman domin zuciyar budurwa mai shekarunta. Sunansa shojo manga.

Manga shi ne labarin da ake bayarwa da zane, ana karanta shi daga dama zuwa hagu kamar rubutun allo. Shojo kuwa a harshen Japananci yarinya ce budurwa. Sana'ar ta daɗe da kafuwa. Mujallar Nakayoshi ta fara fita a 1954, Ribon a 1955, Margaret a 1963, dukkansu domin 'yan mata. Da farko maza ne suka fi zana labaran, sai a shekarun 1970 mata suka karɓe fagen, irin su Moto Hagio da Riyoko Ikeda, wadda ta fara labarin da Larabawa suka sani da Lady Oscar a 1972. Su ne suka mayar da hankalin labarin ga abin da zuciyar yarinya take rayawa: kunyarta, fargabarta, kishinta da burinta. A nan ƙarfinsa yake. A yau ana fassara shi zuwa Turanci, ana zuba shi a intanet, sau da yawa kyauta, don haka babu iyakar ƙasa da za ta tare shi.

Allah Ya umarce mu da adalci ko a kan waɗanda ba mu so, saboda haka ba za mu ce duka sharri ne ba. Labarin Kimi ni Todoke na Karuho Shiina, wanda ya fara a 2005, yana magana ne a kan yarinya mai kunya da 'yan ajinsu suke gudu saboda kamanninta, har ta samu ƙawayen kirki ta hanyar gaskiya da kyautatawa. Akwai darasi a cikinsa game da munin mummunan zato da tsangwama. Haka kuma ba ma cewa so kansa laifi ne. Aya ta 21 a Suratur Rum ta lissafa ƙauna da jin ƙai tsakanin ma'aurata cikin ayoyin Allah. Ibnu Hazmi, malamin Andalus da ya rasu a 456 bayan Hijira, ya rubuta Ɗauƙul Hamama a kan so da halayen masoya, Ibnul Ƙayyim kuma ya rubuta Raudatul Muhibbina. Malamanmu ba su ji kunyar wannan babi ba. Tambayarmu ita ce: wane irin so ake koya wa 'ya'yanmu, kuma wa yake koya musu?

Mu ɗauki labarin da ya fi shahara, Hana Yori Dango na Yoko Kamio, wanda ya fara fita a 1992, ya kai mujalladi 37, aka buga fiye da kwafi miliyan 60. Da yawa daga 'yan matanmu sun san shi ta fim ɗin Koriya ta Kudu na 2009 mai suna Boys Over Flowers. Yarinya ce 'yar talakawa a makarantar 'ya'yan attajirai. Shugaban wasu samari huɗu masu dukiya ya sa mata alama, ya zuga ɗalibai suka yi ta wulaƙanta ta da cutar da ita. A hankali sai labarin ya juya, ya nuna ashe son ta yake yi, kuma a ƙarshe shi ta zaɓa. Irin wannan tsari ya yawaita a shojo: saurayi mai girman kai da zafin kishi, da yarinyar da za ta jure har ta gyara shi. Akwai ma wani zane da ake yawan maimaitawa, inda saurayi yake ritsa yarinya a jikin bango, ya doki bangon da hannunsa don ya hana ta wucewa. Japanawa suna kiransa kabedon, kuma a 2014 ya shiga cikin kalmomi goma da suka fi tashe a ƙasarsu.

Darasin da yarinya 'yar shekara 14 take haddacewa a nan shi ne wulaƙanci alamar so ce, kuma in ta ce a'a sai a ci gaba da matsa mata har ta ce to. Wannan ya fi damun mu fiye da komai, domin yarinyar da ta taso da shi za ta iya karɓar zagi da barazana daga saurayi tana zaton ƙauna ce, ta kuma shiga gidan azzalumi da fatan za ta canza shi. Duk limamin da ya zauna sulhun ma'aurata ya san ƙarshen irin wannan fata.

Mu kwatanta da abin da ya faru a Madina, kamar yadda Imamul Buhari ya ruwaito. Barira baiwa ce, Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta 'yanta ta. Da aka ba ta zaɓi sai ta rabu da mijinta Mugisu. Shi kuwa ya riƙa bin ta a baya yana kuka, hawaye suna zuba a gemunsa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tausaya masa, ya nemi ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya shaida mata ceto kawai yake yi, sai ta ce ba ta da buƙata da shi, aka kuwa ƙyale ta. An girmama hawayen namiji, amma ba a mayar da su hujjar tauye mace ba. Wannan shi ne mizanin da ya kamata 'ya'yanmu su riƙe.

Damuwa ta biyu ita ce muhallin da ake gina son. A yawancin labaran iyaye ba sa nan, ko sun mutu, ko suna nesa, ko su ne abokan gaba. A Fruits Basket na Natsuki Takaya, wanda ya fara a 1998, marainiya ce ta tare a gida ɗaya da samarin da ba muharramanta ba, kuma an gina labarin a kan tsinuwar dabbobin taurarin Sinawa. Keɓewa da riƙe hannu da sumba su ne matakan da mai karatu yake ɗokin gani, aure kuwa in ya zo sai a shafin ƙarshe. Suratul Isra'i ta hana kusantar zina, Suratun Nur ta umarci maza da mata da runtse ido, kuma ido ba ya bambance zane da mutum idan sha'awa ta motsa.

Ta uku, shafukan da ake karanta su ba su da mai gadi. Daga labari mai sauƙi, dannawa ɗaya takan kai yarinya ga na batsa zalla, ko ga na soyayyar namiji da namiji, wanda tun shekarun 1970 ya tsiro daga cikin mujallun 'yan mata. Su kansu Japanawa sun ga matsalar: a Disambar 2010 majalisar birnin Tokyo ta tsaurara dokar sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasu nau'o'in manga. Ga kuma daren da ake rabawa ana jiran babi na gaba, har Asuba ta kuɓuce. Maganar hukuncin zanen mai rai kuwa, malamai sun yi bayani mai faɗi a kanta, mai son tsantseni yana da magabata.

To mene ne abin yi? Ƙwace waya kaɗai ba ya magani. A 2007 an ƙona littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a a Kano, amma labaran ba su mutu ba, sun koma cikin waya, inda ido bai kai ba. Muna ba iyaye shawara, musamman mata, su zauna da 'ya'yansu su ce: nuna mini abin da kike karantawa. Su duba babi ɗaya tare, su tambaya: da wani zai yi wa ƙanwarki abin da wannan saurayi ya yi, me za ki kira shi? Abin da ya bayyana batsa ne ko fajirci a hana shi kai tsaye, a kuma faɗi dalili. A sa lokacin ajiye waya da dare, manya su fara bi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sannan mu yarda da laifinmu. Yarinya tana gudu zuwa ga waɗannan labarai ne domin a cikinsu ake ɗaukar abin da ke ranta da muhimmanci. Idan a gida duk tambayar da ta shafi zuciya tsawa ce amsarta, za ta nemi malami a wani wuri. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta rubuta wa mata waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, ta tura jajis ƙauyuka su karantar da su. Ina masu zane da marubutanmu na yau da za su ba 'yan mata labari mai daɗi, mai gaskiya game da zuciya, wanda bai saɓa wa shari'a ba?

Ku kuma 'ya'yanmu ɗalibai, ku sani aya ta 36 a Suratul Isra'i ta gaya mana ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Ku tambayi kanku bayan kowane babi: me ya ƙara mini, me ya rage? Wanda yake son ki da gaske ba ya ritsa ki a bango. Ƙofar gidanku yake zuwa, ya gaida mahaifinki.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare idanunmu da zukatanmu, Ya haɗa 'ya'yanmu da abokan zama nagari. Amin.