Kafin a goge rubutun, a tambayi mai shi

Duk wanda ya taɓa sayen saniya ko raƙumi a kasuwannin Arewa ya san abin da ake fara dubawa: tambarin wuta da ke jikin dabbar. In an gan shi, ba a tsayawa neman yadda za a kankare shi. Dillali ake kira, shi faɗi na wane ne, da yadda dabbar ta baro hannunsa. Wanga hankali na makiyaya shi ne ya kamata ma'aikatan hukuma da ɗaliban yaƙi da jahilci su ɗauka game da wani ɗan rubutu da ke fitowa a kwamfutocin zamani, waɗanda a ƙasar nan aka fi kira ordinatar.

Rubutun yana cikin Chrome, watau manhajar kamfanin Google da ake shiga intanet da ita. In aka taɓa ɗigo ukun nan na kusurwar sama, can ƙasan jerin sai a ga an rubuta da Faransanci: « Géré par votre organisation ». Na'urorin da suka biyo ta Najeriya da Ingilishi suke faɗinsa. Ma'anarsa ita ce ƙungiyarka ce ke tafiyar da manhajar. Kamfanin ya soma nuna shi ne cikin watan Maris na 2019, tare da Chrome ta 73, kuma Firefox da Edge suna da irinsa.

Kalmar « organisation » ita ce tushen ruɗu. A kunnen mutumin Dogon Kiriya, ko na Matankari, ko na Tibiri, kalmar tana nufin gwamnati, ko porje, ko wata ƙungiyar ƙasar waje mai farar mota. Saboda haka sakataren da ya ga rubutun zai iya zaton daga Yamai ake leƙen aikinsa, malamin lakkwal kuwa da ya sayi tasa da albashinsa sai ya rasa ƙungiyar da ake nufi, tun da bai shiga ko ɗaya ba. Alhali Chrome ba ta san kowace ƙungiya ba. Abin da ta gani kawai shi ne an ajiye mata wata doka cikin na'urar, wadda mai amfani da ita ba shi da ikon canzawa daga wurin da ya saba. Ko da dokar guda ɗaya ce, rubutun zai iya fitowa. Rubutun shaida ne, ba shi ne ciwon ba.

To, wa ke ajiye dokokin? Wani lokaci mai haƙƙi ne. Tun da dokar 2002 ta kafa kwaminoni, aka kuma yi zaɓensu na farko a 2004, ayyuka da yawa sun sauko daga Dogon Dutsi zuwa garuruwa irin su Dogon Kiriya, takardun haihuwa da na haraji na cikinsu, kuma na'urori sun biyo ayyukan. Ma'aikatar da ta ba da kwamfuta tana da damar ta ɗaure ta: ta hana shiga wasu wurare, ta hana a ƙara mata abin da ba a yarda da shi ba. A nan ma'aikaci ba shi da hurumin kwance ɗaurin, kamar yadda direban motar gwamnati ba shi da hurumin cire lambarta. Wani lokaci kuma manhajar tsaro daga ƙwayoyin cuta ce ta sa dokar, ko kuwa mutum ya shiga Chrome da adireshin wurin aikinsa ko na makarantarsa. Waɗannan ba abin tashin hankali ba ne. Akwai kuma na'urar gwanjo, wadda ta yi aiki a wani kamfanin Turai aka sayar ba a share ta sarai ba, ta iso da tambarin tsohon ubangidanta.

Amma inda maganar ta yi nauyi shi ne ɓarawo ma ya koyi wagga hanya. Manhajar da aka kwaso kyauta daga inda ba a sani ba, ko aka zuba daga kile ɗin da ya zagaya gari, takan rubuta wa kanta doka don ta dasa wani ƙari cikin Chrome, wanda mai na'urar ba zai iya cirewa ba, ko ta karkata bincikensa zuwa shafukan talla. Irin wanga ƙari, in yana da izini, yana iya karanta abin da ke kan shafin da aka buɗe da abin da aka rubuta ciki, har da kalmar sirri. Idan na'urar ta wani ɗan kasuwa ce, asararsa ce shi kaɗai. Idan kuwa ta biron da ke riƙe da sunayen jarirai da iyayensu ce, ko ta gidan likita, amanar talakawa ce ke zuba, kuma ƙasa tana da doka a kai: ta 16 ga Disamba 2022 mai kare bayanan mutane, wadda ta maye gurbin ta 2017, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa tsaronta.

Ganewa ba ta da wuya. A wurin da ake rubuta adireshi, a rubuta chrome://policy, sai dokokin su fito a jere, kowace da sunanta da inda ta fito. Wanda bai fahimce su ba ya ɗauki hotonsu da wayarsa ya nuna wa masani. Wadda ta fi cancanta a sa wa ido ita ce mai suna ExtensionInstallForcelist, domin ita ke dasa ƙari da tilas.

In na'urar ta mutum ce, halak malak, yana da cikakken ikon sauke dokokin, sai dai a bi tsari. Da farko a cire baƙuwar manhajar da ta kawo su, a bincike na'urar da maganin ƙwayoyin cuta. Bayan nan a buɗe rajistar Windows da regedit, a ajiye kwafinta, a share abin da ke ƙarƙashin SOFTWARE\Policies\Google\Chrome, a ɓangaren HKEY_LOCAL_MACHINE da na HKEY_CURRENT_USER duka, sannan a kashe na'urar a sake tada ta. Cire Chrome a sake zuba ta ba shi magani, domin dokokin ba cikinta suke kwana ba. Wanda ya share rajista ya bar manhajar da ta rubuta ta kuwa, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba: gobe rubutun zai komo. Kuma rajista ba wurin gwajin hannu ba ce, kuskure ɗaya na iya tsai da na'urar baki ɗaya, ga shi mai gyara ba kusa yake ba. Daga Dogon Kiriya sai an ɗauki hanyar Dutsi, watakila ma har Doso. Kwamfutar Chromebook da wata makaranta ta yi wa rajista, ita kam mai saye ba shi iya kwance ta, sai makarantar ta sake ta, don haka a tambaya tun kuɗi na aljihu.

Laifin da ya fi girma ba na sakatare ba ne, na masu raba kayan ne. Ba daidai ba ne ministoci da porje-porje su kawo na'ura, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a tafi ba a bar ko takarda guda mai faɗin wanda ya ɗaure ta, da dalilin ɗaurin, da wanda za a kira in ta cije ba. Ran da porje ya ƙare, na'urar ta zama marainiya mai ɗauke da dokokin wanda ba ya nan. Bugu da ƙari, Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairu 2020, Chrome ma ta tsaya ga ta 109 a kansa a farkon 2023, Windows 10 kuma wa'adinsa na kowa da kowa ya cika ran 14 ga Oktoba 2025. Tsohuwar na'ura ƙofarta ta fi sauƙin ɓallewa.

Takardar da ake buƙata ba ta wuce shafi ɗaya ba, kuma ya kamata a yi ta da Faransanci da Hausa, a liƙa ta jikin bangon biro kusa da na'urar. Sufetocin yaƙi da jahilci na Dogon Dutsi da Tibiri suna da malaman da za su iya fassara ta, su kuma saka ta cikin darussan manya na rani mai zuwa.